Waiwaye: Na'urar auna oksijin da ake maƙala wa majinyaci a yatsa

A da, mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata da ido yake aiki. Zai duba leɓe da farce, in sun fara shuɗi ya san oksijin ya yi ƙasa a jini. Ko a jikin Bature wannan alama a makare take zuwa, balle a baƙar fata irin tamu, da sai an ɗaga leɓe an duba dasashi.

Tun 1935 Bajamushe Karl Matthes ya fara gwada auna oksijin da haske, amma injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano bakin zaren a 1972. A haska jan haske da wani da ido ba ya gani ta cikin nama, a bi bugun jini, sai na'urar, wadda ake kira pulse oximeter, ta fitar da adadin oksijin da ke jini, kaso cikin ɗari. Daga 95 zuwa 100 lafiya lau, in ya sauka ƙasa da 90 kuwa sai a tashi tsaye. Zuwa 1990 ta zama dole a ɗakunan tiyatar Amurka.

Mu kam mun sha jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin abubuwan da ake dubawa kafin tiyata a 2008, amma binciken da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya ƙiyasta ɗakunan tiyata sama da 77,000 ba su da ita, kuma Afirka kudu da Sahara ce kan gaba a rashin. Shi ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011, tana raba mai rahusa mai aiki da batir.

A asibitocinmu, daga Garwa da Marwa har Njamena, galibi malamin jinya ne ke sa barci, sau da yawa shi kaɗai. Hannunsa na kan allura, kunnensa na kan ƙarar na'ura, wadda muryarta ke sauka in oksijin ya sauka. Sai dai tana da nata rauni. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa yatsunta sanyi ƙalau, na'ura ta kasa karantawa. Baƙin lalle da jan farce ma kan rikita ta.

Abin da ya fi damuna shi ne binciken Jami'ar Michigan na 2020, wanda ya nuna na'urar na ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Ke nan in ta nuna 92 a yatsan ɗan Marwa da ke numfashi sama-sama, bai kamata malami ya saki jiki ba, ya ƙara masa oksijin ya ci gaba da dubawa.