Waiwaye: Yadda aka koyi ƙera na'urorin da ke jure wuta da tururin nukiliya

Ranar 9 ga Yuli, 1962, Amurka ta tarwatsa bam ɗin nukiliya a sararin samaniya, kilomita 400 sama da tekun Fasifik. Washegari aka harba tauraron sadarwa na Telstar, ya faɗa cikin tururin da bam ɗin ya bari. Tiransistocinsa, wato ƙananan makunnan da ke sarrafa lantarki a cikin na'ura, suka riƙa lalacewa a hankali, zuwa Fabrairun 1963 ya yi shiru. Ƙasar da ta harba shi ce ta kashe shi da hannunta.

Dabarar da aka fara bi ita ce ɓoye na'urar. Kumbon Sobiyet mai suna Venera 13, wanda ya sauka a duniyar Zara, matar wata, a 1982, an kulle kayan lantarkinsa cikin tukunyar ƙarfe da aka sanyaya tun kafin sauka. A waje zafi ya kai maki 457 a ma'aunin Celsius, abin da zai narkar da dalma. Minti 127 ya yi yana aiko da hotuna, aka kuma yi murna, don minti 32 aka tsara masa.

Chernobyl, tashar nukiliyar Sobiyet da ta fashe, ita ce ta nuna iyakar dabarar. A 1986 aka ɗora wani mutum-mutumin Jamus ta Yamma kan rufin tashar ya share ɓaraguzai, tururi ya kashe masa ƙwaƙwalwa ba da jimawa ba. Sai aka tura sojoji da shebur, kowa ya yi abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba ya gudu.

Ga tururi, an samo hanyoyi: a gina tiransista kan shimfiɗar da lantarki ba ya ratsa ta, ko a sa da'irar lantarki uku su yi lissafi guda a bi mafi rinjaye. Kuɗinsa shi ne jinkiri. Ƙwaƙwalwar RAD750 da ke tuƙa motar Perseverance a duniyar Mars, tsatson kwamfutocin Apple na ƙarshen shekarun 1990 ce. Wayar da ke aljihunka ta fi ta sauri nesa ba kusa ba.

Zafi kuwa ya fi taurin kai, domin silikon kansa, sinadarin da ake yin tiransistoci da shi, shi ne ke gazawa idan aka doshi maki 300. Dole aka sauya sinadarin, aka koma silikon kabayid, irin wanda ake yin dutsen washin wuƙa da shi. A 2016, cibiyar Glenn ta NASA da ke Ohio ta jefa irin waɗannan da'irori cikin ɗakin gwaji mai yanayin Zara, babu sanyaya babu garkuwa, suka yi awa 521 suna aiki. Sai dai 'yan tiransistoci ƙalilan ne a cikinsu, alhali na waya biliyoyi ne.