Camfe-camfe Game da Lafiyar Ido

Camfe-camfe game da lafiyar ido su ne maganganun da jama'a suka gada kaka da kakanni, ko suka tsinta a bakin mutane, kan abin da ke jawo ciwon ido da yadda ake maganinsa, alhali binciken likitoci bai gaskata su ba. A Jos, kamar sauran garuruwan Arewa, ana jin su a gidan suna da majalisa, har ma a shagon mai kemis. Wasu iyakarsu tsorata mutane. Wasu kuwa su ne ke raba mutum da ganinsa. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar nan ana iya hana ta ko a warkar da ita.

Afolo da abin da ake ɗiga wa ido

Afolo ya fara ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Ana cewa kallon idon mai afolo na sa a kamu. Kallo ba ya yaɗa shi. Ƙwayar bairos ce ke bin hannu da tawul da hankici da matashin kai, kuma yawanci yakan tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.

Haɗarin yana cikin maganin da ake yi masa. Mutane kan ɗiga fitsari, ko ruwan sukari, ko nonon uwa, ko ruwan albasa, wasu har ruwan batir. Fitsarin mai ciwon sanyi yana ɗauke da ƙwayar cutar da kan huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Ciwon da zai warke da wanke hannu da haƙuri sai ya bar hakiya ta har abada. Haka yake ga yaro mai ƙyanda da aka matsa wa ruwan ganye a ido, alhali sinadarin bitamin A yake buƙata a asibiti.

Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba. Lokacin hunturu, idan ƙura ta turnuƙe Jos, yara da yawa kan yi fama da ƙaiƙayin ido, farin idon ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Uwa ta sayo maganin ɗigawa a kemis, ƙaiƙayi ya lafa, sai a riƙe kwalbar wata da watanni. Da yawa daga magungunan nan suna da sinadarin sitiroyid, wanda daɗewa a kansa ke jawo hawan jinin ido da yanar ido. Abin takaici ne a ga ɗan firamare ya rasa gani ta wannan hanya.

Yanar ido

Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya. Binciken nan ya ɗora mata kusan kashi 43 cikin 100. Ba wata fata ba ce da ta rufe ido daga waje. Madubin da ke cikin ido ne ke dusashewa, yawanci saboda tsufa, don haka babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke ta.

Tsoron aiki ne ke zaunar da tsofaffi a ɗaka. An ce likita kan ciro ido ya wanke ya mayar, wasu ma sun ce da idon akuya ake musanyawa. Ido ba ya barin gurbinsa. Ana kashe zafin wurin, a yi 'yar ƙaramar tsaga, a cire madubin da ya lalace a sa na roba, sau da yawa cikin ƙasa da rabin awa, mutum yana farke. Ba kuma dole sai yanar ta "nuna" ba. Da zarar ta hana mutum harkokinsa ana iya yi.

Masu aikin gargajiya kuwa kan sa tsinke su tura madubin can cikin ido. Nan take mutum kan ga haske, a yi ta murna, daga baya kumburi da ciwo su biyo. Binciken ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yanar ido, ta wannan hanya aka yi musu, kuma mafi yawansu a makance aka same su.

Hawan jinin ido da makantar kogi

"Ai idona ba ya ciwo" ita ce maganar da hawan jinin ido ke fakewa a bayanta. Cutar tana cin jijiyar gani a hankali, daga gefe take farawa, ba zafi ba ja, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Tana bin dangi. Wanda ya haura 40, ko mai ciwon sukari, ko wanda wani nasa ya makance a haka, ya kamata ya je a auna shi ko da lafiyarsa ƙalau. A Jos ana yin wannan awo a sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

A ƙauyukan bakin rafi an daɗe ana danganta makanta da sammu ko iska. Baƙin ƙuda ne ke yaɗa tsutsar da ke jawo ta. Bayan shekaru ana rabon maganin Mectizan da taimakon Cibiyar Carter, a 2018 aka dakatar da rabon a jihohin Filato da Nasarawa saboda yaɗuwar cutar ta tsaya.

Kwalli

Ana sa wa jarirai kwalli don ido ya yi haske ya yi ƙarfi. Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma mai yawa, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da dalma ta hau jininsa, aka auna kwallin da aka kawo masa daga Najeriya aka samu dalma fiye da kashi 80 cikin 100. Ga kuma tsinken kwalli ɗaya da ke zagaye gida daga ido zuwa ido.

Tabarau da sauransu

Tabarau ba ya kashe ido. Wanda ya saba gani tangaran ne kawai yake fara lura da dishi-dishin da a da ya haƙura da shi. Buƙatar tabarau don karatu bayan shekara 40 kuwa ta kusan kowa ce. Karatu a hasken aci-bal-bal ko daɗewa kan waya yana gajiyar da ido ya busar da shi, amma ba ya makantarwa. Yaron da ke matsawa kusa da talabijin wataƙila dama can ba ya gani daga nesa. Karas da manja da ganyaye suna kare mutum daga dundumi, sai dai ba sa maye gurbin tabarau. Yaro mai harara-garke kuma bai kamata a jira ya girma ya daina ba, domin idon da ya kauce yakan raunana, kuma gyaransa ya fi yiwuwa kafin shekara 7 ko 8.