Waiwaye: jan-baki, feshi, da matar da ta koya wa masana kallon tsuntsu

Duk shekara da shinkafa ta fara ɗaukar nono a fadamun Wurno da Goronyo da Kware, gardamar nan sai ta taso: a kawo jirgi ya yi wa jan-baki feshi, ko a ƙyale? Manomi na cewa garke ɗaya in ya sauka da hantsi, kafin azahar zangarniya ta koma ƙaiƙayi. Makiyayi da masunci kuma na tambayar inda gubar ke kwana, tunda a ruwan nan dabbobi ke sha, a cikinsa ake su. Mai sauraro sai ya ɗauka bana abin ya faro.

Farkon labarin kowa ya sani. Kakanninmu sun yi tsaron gero da yara a kan rumfa, da majajjawa, da igiya mai gwangwanaye. A tsakiyar ƙarni na 20 aka shiga ƙone makwancin tsuntsayen a ƙasashen Sahel, daga baya aka koma feshin guba ta sama. Sai ga madatsun ruwa, Bakolori a 1978, Goronyo a shekarun 1980. Noman rani ya zo da alheri, amma ya ajiye wa jan-baki abinci a watannin da dā yunwa ke rage shi.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne nesa da nan, a bayan gidan wata mata a Amurka. Sunanta Margaret Morse Nice, an haife ta a 1883. A lokacin da ta taso, ilimin tsuntsaye galibi aikin bindiga ne: a harbo, a feɗe, a ajiye fata a gidan tarihi, a raɗa suna. Ita kuwa tambayarta ta farko irin ta manoma ce, wato me tsuntsu yake ci? A 1910 ta wallafa bincike a kan wani ɗan tsuntsu dangin makwarwa, inda ta zauna tana ƙirga ƙwayar ciyawa da ƙwarin da yake haɗiyewa.

Aure ya zo, ta haifi 'ya'ya mata biyar, kuma ba ta riƙe kujerar koyarwa a jami'a ba. A 1927 iyalin suka koma birnin Kolombus na jihar Ohayo. Can, a wani fili da ke bakin kogi kusa da gidansu, ta fara kama wasu 'yan tsuntsaye masu kama da gwara, tana sa wa kowanne ƙananan zobba masu launi a ƙafa, ta sake shi. Da wannan dabara garke ya daina zama garke a idonta, kowane tsuntsu ya zama wane. Ta san wanda ya riƙe wane yanki, wacce ya aura, ƙwai nawa aka saka, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka ga baɗi. Kusan shekara takwas tana wannan sammako da littafin rubutu a hannu. Abin mamaki, a mujallar Jamus cikakken rahoton ya fara fitowa, da Jamusanci, kafin manyan littattafanta biyu na 1937 da 1943. A 1938 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana tsuntsaye ta Wilson. Daga baya ma ta bi diddigin kwanakin da littattafai ke cewa tsuntsaye na yi a kan ƙwai, ta gano wasu alƙaluman kwafe ne kawai, wannan daga wancan, har zuwa zamanin Aristotal, masanin nan na tsohuwar Girka, ba tare da wani ya leƙa sheƙa ba. Ta rasu a 1974.

Me ya haɗa wannan da fadamar Rima? Irin tambayoyin nata ne wani Bature, Peter Ward, ya yi wa jan-baki a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960. Ya gano ƙwayar ciyawar daji ce ainihin cimarsa. Ruwan farko na zuba ƙwayar ta tsiro, abinci ya yanke, sai ya tashi zuwa inda damina ta riga ta kankama, sannan ya biyo ruwa ya dawo ya yi sheƙa cikin ƙaya. Ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kwana goma ko makamancin haka. Shi ya sa a kashe miliyoyi bana, baɗi su dawo kamar ba a taɓa su ba, don iyaka ba ta tare su, wasu daga Nijar suke shigowa.

A ganina nan gizo ke saƙar. Feshi na iya ceton gonar da ke gab da yanka, in an san inda tsuntsayen ke kwana tun da wuri. Amma sanin nan aikin zama ne da rubutu, shekara bayan shekara: yaushe suka iso, ta wace kusurwa, a wace ƙaya suka yi sheƙa, wa ya shuka da wuri ya tsira. Yaran da ke kan rumfa sun san rabin amsar, matan da ke sheƙar shinkafa ma haka, sai dai da an gama girbi babu mai zuwa ya tambaye su.