Ku je ku ga tsibirin, amma ƙafa kada ta taɓa ruwan

Duk bayan hutun Sallah da wata biyu zuwa uku, haka kuma bayan ƙarshen zangon karatu, sai mu fara ganin su a asibiti ɗaya bayan ɗaya. Yaro ɗan shekara goma ko sha biyu, uba na gaba yana biye, kai a sunkuye. Fitsari da zafi, a ƙarshensa kuma jini ya ɗigo. Idan an tambaya ko ya shiga ruwa, uban ne ke riga shi amsawa: "Ai garinmu ko kududdufi babu, rijiyar burtsatse muke sha." Sai an ja yaron gefe sannan gaskiya ta fito. Makarantarsu ta kai su yawon buɗe ido bakin dam, an sa su a kwalekwale an zagaya da su wani tsibiri, rana ta yi zafi, kowa ya tuɓe ya faɗa ruwa. Tsargiya ke nan, ta yini ɗaya tak.

Ba na hana kowa fita. Yaran karkara ma suna da haƙƙin ganin duniya, kuma Allah ya hore mana wuraren gani a kusa. Ga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, ga Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai, ga Warwade kusa da Dutse, ga fadamar Baturiya a Kirikasamma inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai lokacin hunturu. Ƙungiyoyin matasa, 'yan Islamiyya, abokan ango, duk suna haɗa kuɗi su ɗauki mota, su sami ɗan jagora da mai kwalekwale, a yini ana zagaye a dawo da yamma. Abu ne mai kyau. Abu ɗaya nake roƙo, kuma zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni: kada a shiga ruwan. Wanka, iyo, tsoma ƙafa, alwala, duk a bar su.

Ƙwayar cutar daga jikin ƙananan dodon koɗi take fitowa, irin waɗanda ke maƙale a ciyawar bakin ruwa da gindin kacalla. Ido ba ya ganinta. Ta fata take shiga, cikin 'yan mintoci, ba sai da rauni ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Iyakar abin da kuke buƙatar sani ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ta fi yawa a ruwa, wato daga hantsi zuwa bayan azahar, daidai lokacin da tawagar 'yan yawo ke isa tsibirin, zafi ya dame su, cikin kowa ya cika da abinci, malamai sun sami inuwa sun kishingiɗa.

Malam, kai da ka ɗauko 'ya'yan mutane talatin, wannan ba lokacin kishingiɗa ba ne. Amana ce a hannunka.

Wurare huɗu ne ake shiga ruwan a irin wannan tafiya, kuma uku daga ciki ba a ma ɗaukar su a matsayin shiga ruwa. Na farko wajen hawa da sauka. Kwalekwale ba ya kaiwa gaɓa sosai, sai mai jirgi ya ce a tattare wando a taka, taku biyar ne kawai. To taku biyar ɗin a cikin ruwa marar zurfi mai ciyawa ake yin su, inda dodon koɗin ya fi taruwa. Tun kafin a biya kuɗi a yi magana da mai jirgi: a ina zai tsaya? Akwai dutse ko busasshiyar gaɓa da za a sauka a kai? In babu, a ɗauko katako mai faɗi a ɗora daga bakin jirgi zuwa tudu, ko babba ɗaya ya sa dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa ya riƙa ɗaga yara yana ajiyewa. Silifa ba ta kare komai. Idan mai jirgin ya ce babu irin wannan wurin a tsibirin, a zagaya shi a cikin jirgi a kalla daga nan, a dawo. An gani ai.

Na biyu alwala. Wannan ita ce ta fi cin manya, har da limaman tawaga. Azahar ta yi, ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, wa zai tuna da buta? A tsuguna a bakin gaɓa, a wanke hannu, fuska, ƙafa, wani har ya tsoma ƙafar ya bar ta tana shan sanyi. Ban ce ruwan ba ya tsarki ba, wannan fagen malamai ne. Na ce akwai cuta a cikinsa. A taho da ruwan alwala daga gida.

Na uku hoto. Samari da 'yan mata, ku nake nufi. A tsaya cikin ruwa zuwa gwiwa, a juya nan a juya can, a sake ɗauka don na farko bai yi kyau ba, minti goma sun tafi. Hoton da za a ɗora a WhatsApp a manta da shi bayan kwana biyu, shi za ka saya da shekaru kana fitsarin jini? Ƙwayar nan in ta shiga tsutsa take komawa, tana zama a jiki shekara uku zuwa biyar tana zuba ƙwai, wani lokaci fiye da haka, in ba a sha magani ba. Ku tsaya a kan dutse, ruwan zai fito a bayanku, hoton ma ya fi kyau.

Na huɗu shi ne wankan da kowa ya sani, wanda yara ke sulalewa su yi da zarar ido ya kauce.

Ɗan jagora zai ce muku, "Haba, Alhaji, ruwan nan garai yake, tun muna yara muke wanka a ciki." Mutumin kirki ne, ya san hanya, ya san inda zurfi yake da inda dutse yake, a wannan ku bi maganarsa. Amma a kan tsargiya kada ku bi. Hasken ruwa ba shaida ba ne. Kuma da yawa daga masunta da masu fito da suka tashi a bakin ruwan suna ɗauke da ita, sun saba har sun daina lissafa ta a cikin cututtuka. Akwai ƙauyukan da har gobe ake ɗaukar jini a fitsarin yaro alamar balaga, a ce ya zama namiji. Wannan magana tana ƙona mini rai. Mafitsara ce ke rauni. In aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari, ta taɓa ƙoda, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo dajin mafitsara. Ga 'yan mata kuwa tana kama al'aura da mahaifa, ta zo da ciwon mara da zubar ruwa ko jini, a yi ta ɗura musu maganin sanyi a banza.

Ga lissafin ruwa na tawagar mutum 30, don in babu ruwa a hannu dole a koma wa na dam. Na sha, lita 2 ga kowane mutum a ƙalla, lita 60 ke nan. Ledar fiya wata ɗaya tana da ƙulli 20 na rabin lita, wato lita 10, don haka leda 6, a watannin Maris zuwa Mayu a mai da ita 9. Na alwalar azahar da la'asar, rabin lita kowace salla ya isa in ba a yi ɓarna ba, lita 30, a cika jarka biyu masu lita 25, ragowar a wanke hannu da kwanuka. Sai jarka ta uku, wadda ake yawan mantawa: ta zuba wa yara a ka da wuya idan rana ta take. Yaron da aka jiƙa wa kai da hula bai cika matsa wa kansa sai ya faɗa ruwa ba. Buta huɗu ko biyar. Idan zango za a yi na kwanaki har ya zama dole a yi amfani da ruwan wurin, a ɗiba da bokiti ba tare da an shiga ba, a tafasa na minti ɗaya a bar shi ya huce, ko a ajiye shi a mazubi kwana biyu kafin a yi wanka da shi, ƙwayar ba ta kai haka a raye. Wannan na wanka ne. Na sha sai an tafasa.

Masu hali a cikinmu yanzu har Zanzibar suke zuwa, can ƙasar Tanzaniya, 'yan kasuwa da sababbin ma'aurata. Yawon yini ɗaya da ɗan jagora a can yakan haɗa tsohon gari da ake kira Stone Town, gonakin kanumfari da kayan ƙamshi, dajin Jozani mai jajayen birai, da ɗan tsibirin Changuu inda manyan kunkuru suke, wajen rabin awa a jirgin ruwa daga gari. Ruwan teku na gishiri ne, tsargiya ba ta rayuwa a ciki, wanda ya iya iyo ya shiga abinsa, ya dai sa takalmi saboda ƙayar halittun teku da kaifin duwatsu. Tafkin wanka na otal da ake zuba wa sinadarin kilorin shi ma babu matsala. Amma ƙoramu da tafkunan cikin tsibirin, a Unguja da Pemba duka, wato manyan tsibiran Zanzibar biyu, akwai tsargiya irin tamu sak. Akwai tsargiya kuma a tsibiran Tafkin Victoria da gaɓar Tafkin Malawi, da na Tafkin Chadi nan kusa da mu. Alhaji, kuɗin jirgin sama ba ya canza wa ruwa hali. In ba na gishiri ba ne, a tsaya a gaɓa.

To, an riga an shiga, yanzu sai yaya? Kada a doki yaron, duka ne ke sa su ɓoye. A goge jiki da tawul da ƙarfi nan take, yana ɗan ragewa, amma kada a dogara da shi. A rubuta ranar. Wasu za su ji ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a ranar ko washegari. Wasu zazzaɓi da tari da kasala za su zo musu tsakanin mako 2 zuwa 8, a yi ta maganin maleriya da taifod ba sauƙi, alhali da an ce wa ma'aikacin lafiya "ya shiga dam ranar kaza" da an gane. Jinin kuwa sai wajen mako 10 zuwa 12 yake bayyana, shi ya sa iyaye ba sa haɗa shi da tafiyar. Wasu ma ba za su ga komai ba, suna ɗauke da ita.

Maganinta praziquantel ne, ƙwaya mai miligiram 600, ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Mai kilo 30 ƙwaya 2, mai kilo 45 ƙwaya 3, mai kilo 60 ƙwaya 4. Inda babu sikeli, da sandar auna tsawo muke aiki, irin wadda ake zuwa da ita rabon magani a makarantu, kuma yaron da bai kai santimita 94 ba ba a ba shi da sanda, sai an kawo shi asibiti. Na faɗi adadin ne don ku gane in an ba ku daidai. Kada wani ya ruga kemis washegarin tafiya ya sayo ya raba wa 'ya'yansa. Maganin ba ya kashe tsutsar tana ƙarama, sai ta girma, don haka shan sa kafin mako 6 zuwa 8 asarar kuɗi ce, kuma sai mutum ya saki jiki yana ganin ya warke. A sha bayan an ci abinci an ƙoshi, in ba haka ba jiri da tashin zuciya da murɗar ciki za su wahalar da yaro. Mai tuƙi ko mai hawa babur ya huta ranar. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa ma'aikaci tun farko. Kuma maganin ba rigakafi ba ne. Wanda ya sha yau ya koma ruwa bayan Sallah ya ɗauko sabuwa.

Sauran a taƙaice, shugabannin tawaga ku riƙe:

- A tashi da sassafe, a gama zagayen jirgi kafin ƙarfe 11, cin abinci da salla a yi su a tudu nesa da gaɓa.
- Babba ɗaya ga yara goma, kuma a sa mutum ɗaya aikinsa kawai tsaron bakin ruwa.
- Fitsari da bahaya nesa da ruwa, a haƙa rami a rufe. Ta fitsarin mai cutar ƙwan ke komawa ruwa ya kama na baya.
- Rigar kariya daga nutsewa ga duk wanda zai hau jirgi, kuma kada a wuce adadin da jirgin ke ɗauka, gara a yi sawu biyu. Ba mu manta da yaran Islamiyyar da suka rasu a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, Allah ya jiƙansu.
- Hula, takalmi rufaffe, tawul.
- Sunayen duk waɗanda suka je a littafi, da alama a gaban wanda ya jiƙe.

Wannan littafin shi za ku kawo mana bayan wata uku, ko da zarar ɗaya daga cikinsu ya ga jini, duk wanda ya riga. Kada a kawo mai jinin shi kaɗai, a kawo duk waɗanda suka shiga tare da shi, har da 'yan matan, su uwa ko malama mace ta tambaye su a keɓe don ba za su faɗa a gaban maza ba. Ku zo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwan ya fi fita a fitsari, kuma a tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar gwajin.