Dausayin Baturiya

Dausayin Baturiya keɓaɓɓen wurin tsuntsaye ne da namun daji a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, masarautar Haɗeja, Jihar Jigawa. Yanki ne na babbar fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke rarrabuwa su malale kafin su haɗu su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar da aka ƙulla a Iran a 1971.

Ruwa da tarihi

Rayuwar Baturiya ta rataya ne a kan ambaliya. Ruwan ba na nan ba ne, daga tuddan Kano da Bauci da Filato yake gangarowa, ya cika fadama wajen Agusta da Satumba, sannan ya ja da baya sannu a hankali. Da can kowa ya san lokacinsa: masunta su kama kifi, manoma su girbe shinkafa su shuka kayan rani a danshin da ya rage, Fulani su shigo da shanu bayan kaka.

An keɓe wurin tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Amma abin da ya fi sauya shi ba dokar keɓewa ba ce, madatsun ruwa ne. An kammala ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma wajen 1992. Ga kuma fari da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuwa ya hana wasu magudanai bushewa, sai kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da ke wawushe gero da shinkafa. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru tare da ƙungiyoyin ƙasashen waje.

Batun gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ya daɗe ana ja-in-ja a kansa tsakanin masu neman noman rani da mazauna ƙasan kogi.

Tsuntsaye da itatuwa

Da shigowar hunturu agwagin ruwa da wasu tsuntsayen bakin tafki ke isowa daga Turai, bayan sun ratsa Sahara, su koma gida kafin bazara ta yi nisa. Suna tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Shamuwa kuwa akasinsu ce, da damina take zuwa. Cikin itatuwa akwai bagaruwa da tsamiya da kuka da goruba, wadda ake saƙa tabarma da kabarta.

Namun daji masu ƙafa huɗu sun yi ƙaranci saboda farauta da saran itace.

Halin yanzu

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da dausayin gandun daji na ƙasa, tare da wasu wurare tara, ciki har da dajin Falgore na Jihar Kano.