Kyamara mara madubi da ƙaramar kyamara mai juriya

Kyamara mara madubi da ƙaramar kyamara mai juriya nau'i biyu ne na kyamarar dijital da akan ɗora a sikeli ɗaya idan ana neman abin ɗaukar hoto na tafiya, ko na aikin daji, ko na bakin ruwa. Ta farko tana da babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a madadin fim, kuma ana iya kwance idonta a ɗaura wani. Ido a nan shi ne jerin gilasan da haske ke ratsawa kafin ya isa sensa. Ta biyu a rufe take ruf, idonta ɗaya ne kuma ba ya fita, an gina ta ne don ta jure ruwa da ƙura da faɗuwa. Kusan duk bambancin da ke tsakaninsu daga bakin da ake ɗaura ido ya taso. Wannan bakin ne ya ba mara madubi damar dacewa da kowane irin aiki, kuma ta nan ne ƙura da ruwa suke samun hanyar shigarta.

Tarihin mai juriya

Kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da akwati ba, ta girmi mara madubi da shekaru kusan hamsin. Wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam, Jean de Wouters, shi ya tsara Calypso saboda aikin masanin teku Jacques Cousteau, kuma ta shiga kasuwa a Faransa a 1960 ko 1961. Kamfanin Nikon na Japan ya karɓi izinin ƙera ta, ya fitar da ita a 1963 da sunan Nikonos. Da fim mai milimita 35 take aiki, ana kuma canza mata ido, zoben roba ne ke toshe bakin. Ba masu nutso kaɗai suka rungume ta ba: 'yan jaridar da suka ɗauki hotunan yaƙin Biyetnam sun yi amfani da ita saboda ruwan sama da taɓo. Nikonos V ta 1984 tana jure zurfin mita 50, kuma Nikon bai daina ƙera ta ba sai a 2001.

A gefe guda an yi ƙanana masu sauƙin kuɗi, irin su Minolta Weathermatic mai launin rawaya ta wajajen 1980. A ƙarshen shekarun 1980 Konica ya fitar da Genba Kantoku, sunan da a Japananci yake nufin mai kula da wurin gini, domin kuwa 'yan kwangila aka yi wa ita, masu ɗaukar hoton aiki cikin siminti da ƙura. Wannan reshen bai mutu ba. Ricoh G900 ta 2019 ma don wuraren gini da masana'antu aka yi ta, har jikinta yana jure shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Da dijital ta zo, Pentax ya fitar da Optio WP a 2005, mai jure zurfin mita ɗaya da rabi. A 2006 Olympus ya kawo 720 SW, wadda ta haɗa juriyar ruwa na mita 3 da ta faɗuwa daga mita ɗaya da rabi, kuma akan ɗauke ta a matsayin wadda ta kafa siffar da nau'in yake da ita yau. Daga nan zurfin ya yi ta ƙaruwa: Canon D30 mita 25, Nikon W300 mita 30, Panasonic FT7 ta 2018 mita 31. Olympus kuwa ya bar tseren zurfi ya koma kan ido. TG-1 ta 2012 ta zo da ƙofar haske mai faɗin f/2.0 (ƙanƙantar lambar f na nufin faɗin ƙofa), TG-4 ta 2015 ta ƙara ajiye ɗanyen hoto na RAW, wato wanda kyamara ba ta sarrafa ba. Bayan da aka sayar da sashen kyamarori na Olympus, sabon kamfanin OM Digital Solutions, wanda ya fara aiki a Janairun 2021, ya ci gaba da jerin har zuwa TG-7 ta 2023.

Tarihin mara madubi

A kyamarar DSLR, nau'in da ya gabaci mara madubi, akwai madubi a karkace tsakanin ido da sensa. Shi ke tura haske sama zuwa maleƙa, wato 'yar tagar da mai hoto ke leƙawa, ya ɗaga kansa a lokacin ɗauka, ya dawo. Cire shi ya sa haske yana faɗa wa sensa kai tsaye, abin da ta gani kuma a nuna shi a allon baya ko a ƙaramin allo cikin maleƙa. Akwai saɓani kan wadda ta fara. Wasu suna lissafa Epson R-D1 ta 2004 da Leica M8 ta 2006, amma galibi Panasonic Lumix G1 ta 2008 ake ba wannan matsayi, 'yan watanni bayan Panasonic da Olympus sun sanar da tsarin Micro Four Thirds. Olympus E-P1 ta biyo a 2009, Samsung NX10 da Sony NEX a 2010, Fujifilm X-Pro1 da Canon EOS M a 2012. Sony A7 ta 2013 ta kawo sensa mai girman fim ɗin milimita 35 a farashin da jama'a za su iya, sai Nikon Z da Canon EOS R suka shigo a 2018. A ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan, CIPA, shekarar 2020 ce marasa madubi suka fara zarce DSLR a yawan fita.

Cire madubin ya rage tazarar da ke tsakanin bakin ido da sensa. A Nikon F mai madubi milimita 46.5 ce, a Nikon Z mara madubi ta koma 16. A Canon daga 44 ta sauko 20, a Sony E kuma 18. Shi ya sa jikin ya sirance, kuma shi ya sa ake iya ɗaura tsofaffin idanu da zoben haɗi. Illar ita ce idan aka kwance ido, sensa tana nan tsirara a bakin ƙofa.

An taɓa gwada haɗa nau'in biyu. Nikon 1 AW1 ta 2013 mara madubi ce mai shiga ruwa har mita 15, amma idanu biyu kacal aka yi mata masu jure ruwa, kuma an rufe jerin Nikon 1 baki ɗaya a 2018. Leica X-U ta 2016 ta sa babbar sensa a jiki mai jure ruwa, da ido ɗaya wanda ba ya zum.

Sensa da ido

Mafi yawan masu juriya suna da sensa mai kimanin milimita 6.2 a 4.6. Ta Micro Four Thirds 17.3 ce a 13, ta APS-C kimanin 23.5 a 15.6, babbar kuma 36 a 24. Idan aka auna faɗin fili, sun ninka ta mai juriya kamar sau 8, sau 13 da sau 30. Da rana tsaka, idan a waya za a kalli hoton, da wuya a ga bambanci. Da magariba ko cikin ɗaki ne ƙaramar sensa ke kasawa. Hasken da take tarawa kaɗan ne, sai kyamara ta ƙara masa ƙarfi, hoton ya fito yashi-yashi, injin cikinta kuma ya goge yashin tare da ƙananan bayanai kamar gashi da saƙar tufa. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan. Olympus ma da kansa ya rage daga 16 zuwa 12 a TG-5 don kowane ɗigo ya sami ƙarin haske.

Idon mai juriya ba ya leƙowa waje. A yawancinsu wani dunƙulen gilashi mai kusurwa ne ke lanƙwasa haske ya tura shi cikin jiki, gilasan zum ɗin su yi ta kai da komo a ɓoye bayan tagar da aka liƙe. Wannan ne ya hana yashi maƙalewa a ido, shi ne kuma ya taƙaita zum ɗin a ninki huɗu ko biyar. A TG-6 da TG-7 daidai yake da milimita 25 zuwa 100 a ma'aunin kyamarar fim mai milimita 35, kuma ƙofar haske tana tsukewa daga f/2.0 zuwa f/4.9 idan aka jawo nesa. Tsuntsu a kan bishiya, ko ɗan ƙwallo a tsakiyar fili, ko mahayi a can ƙarshen filin hawan sallah, duk suna neman ido mai milimita 300 zuwa sama, wanda sai mara madubi. Haka nan hoton mutum mai dusashen baya: ainihin tsawon idon TG milimita 4.5 ne zuwa 18, don haka kusan komai yakan fito tar, gaba da baya.

Wannan rashin ya zama riba a hoton ƙananan abubuwa. TG tana ɗaukar abu daga santimita ɗaya, Ricoh WG-6 kuma tana da ƙananan fitilu shida kewaye da ido. Masu nazarin ƙwari da tsirrai da duwatsu, da masu duba tsagewar bango ko tsatsar ƙarfe, sun fi kowa cin moriyarsu. Kafin mara madubi ta yi irin wannan sai an saya mata ido na musamman.

Ma'anar juriya

Lambar IP ta ƙa'idar IEC 60529 tana da alƙaluma biyu, na farko na ƙura, na biyu na ruwa. IP68 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma ana iya nutsar da abu zuwa zurfin da kamfani ya faɗa. A takardar TG-6 an rubuta zurfin mita 15, faɗuwa daga mita 2.1, danniyar kilo 100, da sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Gwajin ruwan a ruwa mai kwanciya ake yin sa, kuma na ɗan lokaci ne, awa ɗaya ko biyu gwargwadon kamfani. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyi daidai da na iskar da ke kan doron ƙasa, amma tsalle cikin kogi da kyamara a hannu, ko tara ta a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, na iya bugun robar da ke toshe ƙofofinta fiye da haka a daƙiƙa ɗaya.

Marasa madubi masu tsada akan ce an toshe musu kafofi saboda yanayi. Yawancin kamfanoni ba sa ba da lamba, kuma garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Kaɗan ne ke da ita, kamar OM-1 mai IP53 da Leica SL2 mai IP54, waɗanda ke nufin yayyafi da feshi, ba nutso ba. Toshewar ba ta cika sai idon da aka ɗaura shi ma yana da roba a gindinsa. Mai son nutso da mara madubi sai ya sayi akwatin ruwa da aka ƙera wa samfurinta, wanda sau da yawa kuɗinsa yakan kamo na kyamarar.

Abin da ke lalata su

Mai juriya ta ƙofar batir da memori take shan ruwa. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan robar ta isa. Kafin shiga ruwa ana buɗe ƙofar a wuri busasshe, a duba robar, a goge ta da ƙyalle mara zare, a rufe makullan ƙofar. Bayan ruwan gishiri ko na taɓo ana jiƙa ta a ruwa mai tsabta kamar minti goma, ƙofofi a rufe, ana danna maɓallan don gishirin ya fita, a shanya ta a inuwa, sannan a buɗe ta da ƙofar tana kallon ƙasa. Ba a sa sabulu ko ruwan zafi. Robar tana tsufa, kuma wasu kamfanoni suna ba da shawarar canza ta duk shekara. Faɗuwa mai tsanani na iya karkatar da ƙofar ba tare da an lura ba. Kuma ba ta yawo a saman ruwa, nutsewa take yi, sai an ɗaura mata igiya mai tasowa.

Idan kyamarar ta yi zafi a rana aka tsoma ta a ruwan sanyi, iskar da ke cikinta takan yi raɓa a bayan tagar ido. Maganinsa a bar ƙofa a buɗe a inuwa har ta bushe.

Mara madubi kuwa ƙura ce abokiyar gabarta, kuma masu hoto a ƙasar Hausa sun san haka duk lokacin hunturu. Ƙurar da ta zauna a sensa tana fitowa a matsayin ɗigo-ɗigo masu duhu a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama idan an tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16. Ana kashe kyamara kafin canza ido, a juya bakinta ƙasa, a ba iska baya. Wasu samfura, irin su Canon EOS R da Nikon Z9, suna rufe sensa idan an kashe su. Ana fara tsabtacewa da famfon roba na hura iska. Ba a hurawa da baki, ba a kuma sa auduga. Da damina fumfuna kan tsiro cikin gilasan ido idan an bar su a jaka mai laima, shi ya sa ake ajiye su a akwati da ƙullin silika mai tsotse laima. Akasarin nau'in biyu digiri 40 ne iyakar zafin da aka rubuta musu, kuma mota a rufe cikin rana tana wuce haka nesa.

Nauyi da batir

TG-7 gram 249 ce da batirinta, tana shiga aljihu. Sony A6400 kimanin gram 400 ce, A7 III kuma 650, kafin a ɗaura ido. Batirin mai juriya yana ba da hoto ɗari uku da wani abu a ma'aunin CIPA, kuma GPS yana cin sa idan an bar shi a kunne. Marasa madubi da yawa suna tsakanin 300 da 700.

Zaɓi

Wurin ɗaukar hoton ake fara dubawa. Wanda aikinsa ke cikin kwalekwale, ko gonar shinkafa, ko wurin gini, ko mai son miƙa wa yara kyamara ba da fargaba ba, mai juriya ce tasa. Mai ɗaukar biki da dare, ko hoton da za a buga babba, ko namun daji daga nesa, ba shi da mafita sai mara madubi, kuma ya sa a lissafi cewa kuɗin idanu yakan zarce na jiki a kan lokaci. Masu nutso da yawa suna farawa da TG cikin akwatin PT-059, wanda ke kai ta mita 45, su ƙara fitilar waje a kan hannu, domin jan launi yana ɓacewa tun daga 'yan mitocin farko, fitilar da ke kusa da ido kuma tana haska dattin ruwa ne kawai.

Ana jayayya kan ko wayar hannu ta maye gurbin mai juriya. Fitar kyamarorin dijital ta faɗo daga sama da miliyan 120 a 2010 zuwa kimanin miliyan 9 a 2020, kuma Canon da Nikon da Fujifilm sun daɗe ba su fitar da sabuwa a wannan nau'in ba. Masu kare ta suna cewa allon waya ba ya jin yatsa a cikin ruwa, kuma gwajin IP68 na wayoyi a ruwa mara gishiri ake yin sa.