Idan iskar kabon abincin tsiro ce, me ya sa ake tsoronta?

Ana cewa iskar kabon, wato iskar da ke fita idan mun yi numfashi ko an ƙona mai da itace, abincin tsirrai ce. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Ganye yana shaƙarta ta ƙananan ƙofofin da ke jikinsa, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya ƙera abincinsa. A ƙasar Holan, masu noman tumatir cikin ɗakunan gilashi har ƙara ta suke yi da gangan. Sai dai a can ruwa da taki a wadace suke, zafi kuma a hannunsu yake. Gonar da ke shan rana a fili ba ta da wannan gata.

Ai kuwa 'yar kaɗan ce a sararin sama.

Kaɗan ce, amma kowace mai girki ta san aikin ɗan guntun kanwa a tukunya. Tun 1859 masanin kimiyya John Tyndall ya nuna cewa iskar tana riƙe zafi. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sararin sama. Da wani masanin, Charles Keeling, ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ta kai 315. Yau ta haura 420.

Ko duwatsu masu aman wuta ne ke ƙara ta?

A'a. Abin da suke fitarwa a shekara kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na wanda mutane ke fitarwa.

To me ya sa hotunan tauraron ɗan adam ke nuna duniya na ƙara kore?

Wani bincike na 2016 ya tabbatar da haka, ya kuma ɗora mafi yawansa a kan iskar kabon. Masu shakkar illar iskar suna da hujja a nan, ban ga amfanin ɓoye ta ba. Amma ganye daban, hatsi daban. Koren da ake gani a yankunan Maraɗi da Damagaram kuma yana da nasa dalilin: ruwa ya ɗan dawo bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoma kuma suka daina sare 'ya'yan gawo da ke tsirowa a gonakinsu.

Gero da dawa fa?

Nan ne abin ya fi damuna. Shinkafa, alkama da wake suna ƙara yabanya idan iskar ta ƙaru, ko da yake wani bincike na 2014 ya gano sinadaran ƙarfe da zink suna raguwa a ƙwayar alkama da shinkafa. Wato buhu ya cika, amfaninsa a jiki ya ragu. Gero, dawa da masara kuwa, ganyensu dama yana tara iskar da kansa, don haka ƙarin bai cika yi musu komai ba, sai ɗan rage ƙishi a lokacin fari. Zafin da iskar ke jawowa kuwa yana samunsu sarai. In ya tsananta daidai lokacin da dawa ke fitar da kai, manomi zai murza zangarniya a tafin hannu ya ga ƙaiƙayi ya fi ƙwaya.